Ƙofar Gonar Baba da Azararta

Ina tsugune a bakin ɗakina a unguwar Barroquinha ina gyaran ƙafar wata kujera, Baba ya zo ya tsaya a kaina. Ba shi ya haife ni ba. Bazazzagi ne, ni kuwa mutumin ƙasar Kano, a nan Bahiya, ƙetaren teku inda aka kawo mu bauta, muka san juna. A garin da sai ka wuni ba ka ji wanda ya ce maka sannu ba, duk mai furfurar da ke jin Hausa babanka ne. Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya ya fuskance ni, don wuyansa ya daɗe da daina juyawa shi kaɗai.

Ya ce, "Ɗan Kano, ƙofa nake so."

Na ce, "Ta ɗaki, Baba?"

"Ta gona. Mai faɗi, wadda amalanken shanu zai shige ba tare da ya goga ba. Kuma kada ka kawo mini zancen tsada, ka san abin da ke hannuna."

Na sani kuwa, kusan babu. Baba ya yi shekara ashirin da wani abu yana ɗaukar kujera. Garin nan hawa ne da gangara, masu hali ba sa son taka ƙasa, sai su shiga wata kujera mai labule da ke rataye a jikin doguwar sanda, mutum biyu su saɓa a kafaɗa tun daga bakin teku har unguwar Pelourinho a kan tudu. Ranar da babu kujera, sai buhu ko ganga a ka. Da abin da ya tara a wannan aikin ya fanshi kansa. Ina wurin ranar da aka miƙa masa takardar 'yancinsa. Da muka fito titi sai ya tsaya ya rantse da Allah, a gabanmu mu uku, cewa ba zai ƙara ɗora kaya a kansa ko a kafaɗarsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Muka yi dariya, muka ce rantsuwar Bazazzagi ce, in ta daɗe ta kwana uku.

Shekara huɗu ke nan lokacin. Ruwa a hannu yake ɗebowa, ya gwammace ya je rafi sau biyar da ƙaramin tulu. Da abokin ɗaukar kujerarsa ya rasu, mutumin da suka yi shekaru suna saɓa sanda ɗaya, Baba shi ya wanke shi, shi ya shiga kabari ya kwantar da shi, amma bai sa kafaɗa a makara ba. Mutane sun yi ta magana, ya ji, bai kula su ba. Daga ranar muka daina yi masa dariya.

Gonar haya ce, ɗan yanki a hanyar Brotas, rogo a tudu, ciyawar dawaki a gangare. Ciyawar ita ce abincinsa, don dawakan birni ba sa hutun ci. Akwai wani mai amalanke, haifaffen ƙasar nan, da ke zuwa ya kwasa, amma a bakin hanya yake tsayawa, saboda giɓin da ke jikin shingen mutum ɗaya kawai yake ɗauka. Wani Bayarabe maƙwabci ne yake fito masa da ita dami-dami, su raba abin da aka samu, to shi kuma ya tattara ya koma birni. Na ce a sare shingen mana a bar wurin a buɗe. Baba ya ce mai unguwar wajen yana kiwon aladu, kuma aladun sun fi mai su sanin inda rogo yake. Ciyawa ta kusa isa yanka. In amalanke bai shiga ba, ko ta bushe a tsaye, ko Baba ya ɗauka.

Na cika masa baki na ce an gama. Sai da ya tafi na tuna ban taɓa yin irinta ba. Ƙyaure na sha yi, tun ina yaro a gaban kawuna a gida, har zuwa wurin Baturen da aka ba shi ni haya a nan na koyi zarto da ƙusa. Amma duk ƙyauren da mutum zai shiga ne. Wanda ya kai faɗin ɗaki ban san ta inda ake kama shi ba. Ran Lahadi na taka har bayan gari ina leƙen ƙofofin gonakin Turawa, abin da na gani ya ƙara ɗaure mini kai. Ginshiƙai biyu masu kaurin turmi, ƙyaure mai giɓi-giɓi wanda akuya za ta gaishe ka ta cikinsa, an rataye shi da ƙarafa, sama kuwa babu komai sai sararin samaniya. Na yi ta zagaya guda ɗaya ina neman inda aka ajiye sauranta, ina cewa ƙila ba a gama ba. Na je ta biyu, ita ma ba a gama ba. A ta uku karen gidan ya fito ya raka ni har hanya. Da zan koma na biya wurin maƙeri na tambayi kuɗin irin ƙarafan. Ya faɗa, na yi masa sannu da aiki na wuce.

Kwana biyu ina juya abin a raina, sai gida ya faɗo mini. Ƙyaurenmu na gida ai bai san ƙarfe ba. Itacen gefensa ake bari ya zarce sama da ƙasa, ƙafar ta zauna cikin ramin dutse, kan ya shige huda a jikin azarar da ke saman ƙofa, shi ke nan sai ya yi ta juyawa har jikoki. Kuma in akwai azara tana riƙe da kawunan ginshiƙai, ba sai an nemi masu kaurin turmi ba, sirara ma sun isa. Babu maƙeri, babu manyan itatuwa. Na ji kaina ya yi girma. Har na fara tausayin Turawa, mutane ga jiragen ruwa ga bindigogi, amma ba su san a yi wa ƙofa kai ba.

Katako a bakin teku na samo, fasassun akwatunan sukari da ake zubarwa a bayan rumbunan 'yan kasuwa. Azara kuwa daga wani mataccen jirgin ruwa ta fito, itacen nan da ake ɗaura wa zanen iska, miƙaƙƙe, gishiri ya ratsa shi har ƙwaro ba ya sha'awarsa. Mai amalanken ne ya kai mana su gona. Shi ba ya jin Hausa, ba ya jin Yarbancin da mu 'yan Afirka muke fahimtar juna da shi a nan, ni kuma harshen Turawan nan na ciniki da na zagi kawai na iya, to yawancin zancenmu da hannu ne. Kafin ya juya na sa igiya na auna amalankensa daga ƙafa zuwa ƙafa. Na sake aunawa. Na bi shi har bakin hanya na auna na uku, yana kallona yana girgiza kai. Faɗin nan shi ya hana ni sukuni, ko abinci nake ci sai in ji kamar ƙafar amalanke tana gogar ginshiƙi. Muka yi gardama da Baba a kan kamu, ni na samu huɗu da rabi, shi huɗu, don hannunsa ya fi nawa tsawo, kowa ya ce ɗan'uwansa ne bai iya awo ba. Daga ƙarshe muka ƙara kamu ɗaya a kowane gefe don a zauna lafiya.

Da aka zo tsayi ba a yi gardama ba.

Na ce, "Baba, sama fa?"

Ya ce, "Yadda aka saba mana. Mutum ya wuce da kaya a ka bai sunkuya ba."

Na ɗora kwando a kaina na tsaya a jikin ginshiƙi, ya ɗaura gawayi a bakin sanda ya yi alama, na ƙara taƙi ɗaya don alheri. Aikin bai kai daɗewar shan ruwa ba.

Ƙyaure biyu na yi, kowanne rabin faɗin. Katakon bai isa in rufe ruf ba, dole na kwaikwayi Turawa na bar giɓi, abin da ya sosa mini rai. Baba ya leƙo ni ta ɗaya daga ciki ya ce wannan ƙofa ce ko matankaɗi? Na ce in yana son ta rufe ya sayo katako, ya ce a'a, matankaɗin ma ya yi. Na farko da na tsayar sai bakinsa ya sunkuya yana sharar ƙasa. Na gicciya masa katako daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ƙara sunkuyawa. Na zauna na zuba masa ido har rana ta karkata. Don haushi na cire katakon na juya shi, ƙasansa a gindin ginshiƙi, kansa a bakin ƙyaure, sai ga shi ya miƙe tsaf. Har yau in aka tambaye ni dalili ba zan iya faɗa ba, na dai ci gaba da yin haka. Tururuwa kuma ta ji ƙanshin sukari ta zo da danginta kaf, sai da na wanke kowane katako da ruwan toka.

Ana gobe za mu ɗora azara, Baba ya duba hanya gabas da yamma, ya sa hannu a ƙugunsa ya ciro wata 'yar laya mai jar fata. Shekara bakwai ke nan da tawayen da 'yan'uwanmu Musulmi suka yi a garin nan a watan azumi, amma garin bai manta ba. Bayan abin, ɗaki-ɗaki aka bi. Wanda aka samu da takarda mai rubutun Larabci, ko da addu'ar ciwon kai ce, sai kurkukun da ke ƙarƙashin gidan hukuma a Praça, dandalin tsakiyar gari, daga nan bulala, ko a sa shi a jirgi. Ni da hannuna na wanke allona na sassaƙe shi ya koma marfin tukunya. Malamin da ya rubuta wa Baba layar nan yana cikin waɗanda aka sa a jirgi, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Na ce, "Baba, rufa mini asiri. Mayar da ita inda ta fito."

Ya ce, "Shekara bakwai tana yawo a ƙuguna kamar kayan sata. A gidan ubana a saman ƙofa take zama. Yanzu ina da ƙofa."

"Ƙofar nan fa a bakin hanya take."

"To ku a Kano a ina kuke sa taku, a ƙuryar ɗaki?"

Ban iya da shi ba. Na fafe rami a tsakiyar azarar ta sama, na zurfafa shi sosai don tsoro, muka kwantar da layar, na toshe da guntun itace, na liƙe da kakin zuma na goga ƙasa. Washegari muka ja azarar da igiya ta kan reshen wata bishiya muka zaunar da ita. Baba ya ja tare da ni, ya ce ja daban ɗauka daban, ya riga ya yi wa kansa fatawa. Da muka sa ƙyauren duka biyu, da yatsa ɗaya ake tura su. Ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya fita ya yi sallama ya amsa wa kansa ya shigo. Ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ran nan.

Ranar kwasar ciyawa na yi sammako don in ga aikina. Mai amalanke ya iso yana tafe a gaban shanunsa biyu da doguwar sanda, kamar yadda suke yi. Shi idonsa a ƙafar dama, ni a ta hagu, Baba a baya yana duba duka biyun. Amalanke ya shige, da sauran wuri har mutum zai bi ta gefe. Mai amalanke ya daki kafaɗata yana dariya. Muka gangara bayan ayaba inda ciyawar take a ɗaure, ya kakkafa dogayen sanduna a gefen amalanken, ni da shi muka shiga jibgawa. Baba yana tsaye yana cewa a ƙara. Da can iya abin da Bayaraben ya fitar ake ɗauka, yau kuwa ba ƙarfin mutum ake jira ba, sai ƙarawa ake yi. Kaya ya tashi ya yi tsayin bukka, aka ɗaure tamau.

Kullum a birni ina ganin amalanken ciyawa, na san in ya yi kaya mutum a kan doki ma ba ya hango bayansa. Na gani ya fi sau ɗari. Amma muna hawowa ina tafe a gefensa, ƙafafu kawai nake kallo, ban ankara ba sai da na ji ƙara. Shanu sun fita, ginshiƙai biyu suka yi kuka, komai ya tsaya cik. Na dubi dama, da wuri. Na dubi hagu, da wuri. Na tsuguna na leƙa ko dutse ne. Wallahi na daɗe ina neman abin da ya riƙe amalanken a ƙasa kafin in ɗaga kai in ga kaya ya daki azara.

Mai amalanke ya shiga zuba zagi, wannan sashen na harshensu kam babu wanda ya wuce ni. Ya gwada mayar da shanu baya, kayan ya riga ya cushe a ƙarƙashin azara, ko motsi. Hayaniya ta jawo wasu mata biyu masu wanki, sai kuma ga mai unguwa, wani jan mutum mai tumbi, shi ne idon hukuma a wannan hanyar. Ya tsaya ya ƙare wa ƙofata kallo, ginshiƙai biyu da itace a gicciye, ya tambaya wa za mu rataye. Matan suka fashe da dariya.

Sai mai amalanke ya zaro gatari daga ƙarƙashin amalanken ya nuna tsakiyar azara. Ya ce masu dawaki suna jiransa kafin rana ta yi tsaka, shanunsa ba za su gasu ba saboda haukan mutanen Afirka. Mai unguwa ya ce a sare, shi yana son guntayen don murhu. Na ce ƙyauren duka biyu za su faɗi. Suka ce su faɗi. Na ɗauki fartanya na fara haƙa a ƙarƙashin ƙafar amalanke wai in rage masa tsayi, ni kaina ban san me nake yi ba, aka ƙara dariya. Da na ga ya kama igiya zai hau da gatarin, na yar da fartanya na riga shi hawa, ina ihu cewa zan sauke na sama, a ba ni ɗan lokaci.

A can sama na ga ɓarnar da aka yi. Azarar ta tsage, daidai inda na fafe ta na rage mata ƙarfi. Tsagar ta buɗe ta ɓangaren hanya, ga jar fata tana leƙowa. Na haye azarar kamar mai hawan jaki, na saki ƙafata ta rufe wurin. Mai unguwa yana tsaye daidai ƙarƙashina, hannu a ƙugu, kai a sama.

Na ce da Hausa, ina yi kamar zancen igiya nake, "Baba, ta tsage. Ana ganin ja. Ba zan iya ɗaga ƙafar nan ba sai sun watse."

Baba ya ja da baya, ya ja da baya, har sai da ya iya hango ni ba tare da ya ɗaga kai ba.

Daga zaune na kwance igiya na dinga turo na sama suna faɗawa ta cikin gona, har dami goma sha ɗaya, sannan kaya ya saki. Amalanke ya wuce ta ƙarƙashina ya bar ni ina lilo. Bakin ƙofar gangare ne, shanu ba sa iya riƙe kaya a nan, sai da mai amalanke ya kai su kan hanya inda ƙasa ta daidaita, taku arba'in ko fiye. Ya juyo ya ce a kawo sauran maza, shi kora aka ɗauke shi ba dako ba.

Baba ya ce ya tafi da abin da ke kai, a bar sauran. Mai amalanke ya ce a kan cikakken kaya ya yi alkawari da masu dawaki, in ya tafi a haka ba zai sake tako hanyar nan ba. Baba ya roƙi matan, suka ce wankinsu yana jiransu, amma ba su tafi ba. Sai mai unguwa ya nuna ni da sandarsa ya ce wancan ƙaton me yake yi a sama, ya sauko ya ɗauka mana. Na ce azarar nake riƙewa kada ta faɗo. Ya ce yaya mutum zai riƙe abu ta hanyar zama a kansa? Ya matso ya fara ƙwanƙwasa azarar da bakin sanda yana saurare, ba nisa da ƙafata.

Baba ya kama dami ɗaya ya ja shi a ƙasa. Maɗaurin ya tsinke, ciyawa ta watse. Ya rungumi na biyu a ƙirji, ya fi ƙarfin hannuwansa, taku uku ya suɓuce. Mai amalanke ya ɗaga murya daga can ya ce, tsoho, kai da ka yi shekara da shekaru kana ɗaukar mutane, yau ciyawa ce ta gagare ka? Sandar mai unguwa kuwa sai matsowa take.

Daga baya na tuno dabara ta fi goma. Da na cire rigata na yi kamar gumi nake sharewa na yafa ta a kan tsagar. Da na sa hannu na zare layar na cusa a baki. Da na yi ihu na ce ga aladu can cikin rogon wani. Duk sun zo mini, amma sai da na kwana. A lokacin babu komai a kaina, ina zaune a kan itace ina kallon tsoho.

Ya durƙusa. Na ga leɓɓansa sun yi bismillahi ba sauti. Ya cusa kai ƙarƙashin damin ya miƙe da shi, babu ko gammo. Mai unguwa ya sauke sanda ya juya, don abin kallo ya koma can. Na farko da na biyu Baba ya kai su yana tangaɗi. A na uku sai na ga ƙafafunsa sun kama 'yar sassarfar nan ta masu ɗaukar kujera, gwiwa a sake, ƙugu yana rausaya, tafiyar da ake yi don kada na cikin labule ya ji girgiza. A na biyar ya fara rera waƙar da suke yi a hawa, ƙasa-ƙasa. Ba na jin ya san yana yi. Kowane zuwa sai ya bi ta ƙarƙashina, damin ya wuce bai taɓa azara ba, da sauran taƙi ɗaya, daidai yadda muka auna. Nan na gane abin da muka auna. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har da ranar da aka tuɓe ni a kasuwa ana duba haƙorana.

Wanda ya watse ma sai da ya tattara ya sake ɗaure shi ya kai. Aka gama, aka ja igiya, amalanke ya tafi ƙafafunsa suna kuka. Matan suka koma rafi. Mai unguwa ya ce in azarar ta faɗo a aika masa, ya bi aladunsa. Na zare layar, na sulalo ta jikin ginshiƙi.

Ƙofar na gyara ta daga baya. Na samo dogayen ginshiƙai na ɗaga sabuwar azara sama, har ta zama abin kwatance a hanyar, kuma wannan karon a kan amalanke mai kaya na tsaya na yi awo. Ta yi shekaru tana aiki, na kuma yi wa wasu irinta guda uku. Layar ba ta sake hawa ba. Ban san inda ya kai ta ba, ban kuma tambaya ba.

A ranar dai, Baba yana zaune ya jingina da ginshiƙi, ciyawa a kansa da gemunsa, wuyan ya karkace gefe guda. Na miƙa masa layar, ya karɓa ya riƙe. Na durƙusa a gabansa.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Laifina ne, ni ne masassaƙi."

Ya ce, "Ni na riƙe gawayin."

Na rasa inda zan sa idona, na shiga tsince ciyawa a ƙasa. Can ya ce, "Ɗan Kano, kai ka fi ni zama gaban malam. Wanda ya karya rantsuwa me ke kansa?"

Na ce ai tilas ce ta sa, Allah yana gani. Ya ce ba wannan ya tambaye ni ba. Sai na jero masa yadda aka koya mana, ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su, ko ya 'yanta bawa, in bai samu ba ya yi azumin kwana uku.

Ya ce, "Bawa ɗaya?"

Na ce, "Ɗaya, Baba."

Ya dubi hanya. Sannan ya ce, "Na taɓa 'yanta ɗaya. Shekara ashirin ina tara kuɗinsa. Ai ka gan shi ɗazu."

Ya ce in kawo masa ruwa. Na ɗebo a ƙwarya, ya kai baki ya kasa ɗaga kai ya sha, sai da na tallafi ƙeyarsa da hannuna.